Farce Ya Tsage Daga Gefe: Filasta, Gam, Takardar Shayi Ko Jel?

Saura kwana uku a sa ƙanwata a lalle, da hantsi, ta sunkuya za ta ɗaga bokitin ƙarfe cike da ruwa, mariƙin ya suɓuce ya fizgi farcen babban yatsanta na dama. Ko ƙara ba ta yi ba. Zuwa ta yi ta tsaya a kaina ta miƙo hannun, ta ce, "Yaya, duba min." Farcen ya tsage daga gefe, tsagar ta ci kusan kashi ɗaya cikin uku na faɗinsa, kuma tana can ƙasa da farin baki, inda farce yake manne da nama. Jini bai fito ba, amma da ta taɓa mayafinta sai ya kama zare ya ja. Inna ta leƙo daga ɗaki ta ce a kawo reza a yanke kowa ya huta. Na ce, "Inna, in aka yanke daidai nan sai an shiga nama, kuma da wannan hannun za ta yi sati tana gaisawa da jama'a."

Sana'ata zanen lalle ce. Hannayen mata nake riƙewa tun safe har dare, don haka irin wannan tsaga na gan ta ba adadi, na kuma ga yadda kowane gyara yake komawa bayan kwana uku, bayan mako, bayan an sha wanke-wanke da shi. Yawancin masu tambayata da "wane gam zan saya?" suke farawa. Ni kuwa nakan mayar musu da tambaya uku: a ina tsagar take, kwana nawa kike so gyaran ya riƙe, kuma kina salla a kwanakin nan ko kuwa? Amsar waɗannan ita ke raba gardama tsakanin hanyoyin da zan kawo.

Farce ba ya haɗewa in ya tsage. Fata takan warke, ƙashi yakan ɗoru, amma farcen da muke gani a waje ba shi da rai. Keratin ne, sinadarin da gashi ma da shi aka yi shi, kuma tushensa mai rai yana ɓoye ƙarƙashin fatar gindin farce, daga can yake turowa sannu a hankali. Na hannu yakan ƙaru da milimita 3 zuwa 3.5 a wata, kwatankwacin rabin ƙwayar shinkafa ke nan, kuma kafin farce guda ya sauya daga gindi har baki ana cin wata 4 zuwa 6. To duk gyaran da za ki ji an ambata, na gida da na shago, aikinsa ɗaya ne: ya tallabe tsagar har ta turo gaba ta wuce nama, a goge ta a rabu da ita. Ki auna da ido. Idan tsakanin tsagar da farin baki ya kai rabin ƙwayar shinkafa, wata guda ne a gabanki. Idan cikakkiyar ƙwaya ce, wata biyu.

Akwai dalilin da ya sa tsaga ta fi farowa daga gefe ta nufi ɗaya gefen maimakon ta gangara gindi. A shekarar 2004 wasu masu bincike a Jami'ar Manchester ta Ingila sun nuna cewa farce hawa uku ne, kuma zararrukan hawan tsakiya, wanda ya fi kauri, a kwance suke daga gefe zuwa gefe. Tsaga layin zaren take bi, kamar yadda yadi ke yagewa a miƙe idan mai shago ya ɗan ciza bakinsa da almakashi ya ja. Wannan rahama ce, don da gangarawa take yi da kullum sai ta kai tushe. Amma kuma shi ya sa ƙaramar tsagar gefe ba ta zama inda take. Zare ɗaya na mayafi ko gashi ɗaya wajen tsifa ya isa ya ƙarasa ta.

Ba kowane lalataccen farce ne ke son gam ba. Wanda bakinsa ke ɓarewa hawa-hawa kamar ɓawon albasa, magogin farce da mai yake buƙata. In kin liƙa masa gam, ranar cirewa da wani hawan zai tafi. Wanda ya tsage a farin baki, inda babu nama a ƙasa, sau da yawa gogewa kaɗan ta wadatar, a daidaita shi da 'yan uwansa shi ke nan. Wanda kuwa ya yi jini, ko ya ɗago daga kan nama, ko yatsan ya kumbura yana zogi, wannan rauni ne. A wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da filasta, in ya yi zurfi a je asibiti. Kada gam ya kusanci buɗaɗɗen ciwo, domin rufe ƙwayoyin cuta za ki yi a ciki, kuma duk wadda ta taɓa kwana da ɗan karkare ta san ba abin nema ba ne. Mai ciwon suga ma ko ƙanƙanin rauni ne a yatsa kada ta yi wasa da shi. Maganata a nan a kan irin na ƙanwata ce: tsaga busasshiya, ba jini, ba kumburi, amma ta yi ƙasa yadda yankewa ba za ta yiwu ba.

Ko wace hanya za ki bi, magogi ne farko. Ki samu mai laushi, na gilashi ko na takarda mai santsin yashi. Na ƙarfen nan da ke maƙale a jikin abin yanke farce kaushi gare shi, ƙara farfasa baki yake yi. Ki goga a kan busasshen farce, ta fuska ɗaya, daga gefe zuwa tsakiya, ki kwantar da duk wani tsini da zai kama zare. Nakan kuma rage tsawon da kamar milimita ɗaya. Ido ba zai gane ba, amma gwargwadon tsawon baki gwargwadon ƙarfin da ke ɓamɓarar tsagar duk lokacin da farcen ya bugi wani abu.

Filasta ita aka fi rainawa, ni kuwa ita na fi yawan cewa a yi. Ina nufin siririyar nan ta takarda da ake samu a kemis, wadda ake manne bandeji da ita. Ki yanko 'yar siririya ki naɗe kan yatsan sau ɗaya da rabi, ta rufe tsagar ta zagaya ta ƙasa. Ba ta haɗa komai, ba ta da kyan gani a hoto, da ta jiƙe sai an sauya. Sai dai tana yin babban aikin, wato hana tsagar kama abu, ana cire ta cikin daƙiƙa biyu, ba ta neman wani sinadarin cirewa, kuma naɗi ɗaya ya ishe ki har farcen ya tura. Abin kiyayewa ɗaya ne: in aka bar ta a jiƙe farcen zai yi laushi, fatar ta yi fari ta yamutse, tsagar ta ƙara buɗewa. Jiƙaƙƙiyar filasta ba ta kwana a yatsa.

Janfarce mara launi shi kaɗai ba zan daɗe a kansa ba. Shafi biyu ko uku yana kwantar da bakin da ke ɓarewa, amma tsagar gefe ba ta jin maganarsa. Kwana ɗaya ko biyu za ki ga ya tsage daidai inda farcen ya tsage.

Gam ɗin farce ɗan gida ɗaya ne da Super Glue. Sinadarinsu sayano-akirilet, wanda wani masanin kimiyya Ba'amurke, Harry Coover, ya ci karo da shi a 1942, aka fara sayar da shi a 1958. Danshi ne ke sa shi daskarewa, shi ya sa yake kama fata nan take, kuma shi ya sa ɗan kaɗan ya fi mai yawa saurin kamawa da ƙarfi. Kada ki matsa kwalbar kai tsaye a kan yatsa. Ki ɗiga ɗigo ɗaya a kan leda, ki lakato da tsinken sakace, ki shafa a kan layin tsagar, ki haɗa bakin biyu ki riƙe kamar minti ɗaya. In tsagar a kan nama take, a sama gam ɗin zai tsaya, kada ki ɗaga farcen ki cusa shi ƙasa. Kyawunsa ba a ganinsa sam, kuma cikin minti biyar an gama. Rauninsa kuwa, in ya bushe tauri yake yi kamar gilashi, farce kuma lanƙwasawa yake yi kullum. A hannun mai aikin gida, kwana biyu zuwa uku ya sake buɗewa. Na yini ɗaya ne, ko na daren biki ɗaya.

Ana yawan tambayata ko Super Glue ɗin kanti zai yi. Zai kama, ba zan ɓoye miki ba. Amma don roba da ƙarfe da takalmi aka haɗa shi, ba a gwada shi don jikin mutum ba, kuma bakin bututunsa ambaliya yake yi. Tunda na farce ba tsada ce da shi ba kuma akwai shi a shagunan kayan kwalliya, wani ma da ɗan burushinsa, na fi son a nemi shi.

Hanyar da na fi yarda da ita in ana son gyaran da zai kwana biyu kuma ya yi kyau ita ce takardar shayi. Ki ɗauki sabuwar jakar shayi, irin ta Lipton da kowa ya sani, ki farke ki juye ganyen a kofi, ki yanko ɗan yanki da almakashi wanda zai rufe tsagar ya wuce ta da kamar milimita biyu ta kowane ɓangare. Kada ki ce za ki rufe farcen duka. Ƙaramin faci ya fi kwanciya. Abin da ya sa wannan takarda ta fi ta goge hannu shi ne an yi ta ne don ta jure tafasasshen ruwa, kuma yawancinta da dogayen zararrukan wata shuka dangin ayaba ake haɗa ta, wadda aka fi nomawa a ƙasar Filifin. Zararrukan nan su ke ƙetare tsagar su riƙe ɓangarorin biyu, yadda rodi ke riƙe siminti.

Ki wanke hannu ya bushe sarai, ki goge farcen da ɗan sifirit don mai ya fita, in ba haka ba komai ba zai kama ba. Ki fara haɗa tsagar da ɗan gam kamar yadda na faɗa. In ya kama, ki sake shafa siriri a wurin, ki ɗora takardar da tsinke, ki danna ta daga tsakiya zuwa gefe don kada iska ta ɓoye a ƙasa. A nan za ki ga abin sha'awa: takardar da take fara tas, da gam ya ratsa ta sai ta koma garai-garai, launin farcen ya bayyana ta cikinta. Duk inda ya rage fari, gam bai kai ba, ki ƙara masa kaɗan. Ki bar shi minti biyar ba taɓawa. Sannan ki goge abin da ya zarce ta gefe da magogi, ki bi saman a hankali har in kin shafa da yatsa ba ki jin tudu. Gefen facin za ki goga, kada ki ci farcen kansa. A hannayen da na gani, wannan yakan yi mako ɗaya cif, ya kai biyu ga wadda ba ta yawan shiga ruwa.

Ana kuma yin sa da janfarce mara launi maimakon gam: shafi ɗaya, a ɗora takardar tun yana da danshi, a bari ya sha iska, a ƙara shafi biyu. Wannan bai kai na gam ƙarfi ba, kwana biyu zuwa huɗu ne, kuma yana son haƙuri wajen bushewa. Amma cikin minti ɗaya yake fita da ruwan goge janfarce, na gam kuwa sai an jiƙa shi a asiton, wato ruwan sinadarin da ke narkar da gam, minti goma ko fiye. Ki riƙe wannan bambancin, zai yi mana amfani in mun zo maganar salla.

Akwai ƙyallen siliki da na zaren gilashi da aka yi musamman don wannan aiki, bayansa da ɗan danƙo, ana samunsa a manyan shagunan kayan kwalliya ko ta intanet. Dabarar ɗaya ce da ta takardar shayi, sai dai ya fi siriri, ya fi kwanciya, ya fi jimawa, yakan wuce mako biyu. Wadda farcenta ke yawan tsagewa ta saya ta ajiye ba ta yi asara ba. Wadda kuwa sau ɗaya ne a shekara, jakar shayin da ke kicin ta ishe ta.

Sai na shago, jel da akirilik. Jel ruwa ne mai kauri da ake shafawa a sa hannu cikin fitila ta musamman ya daskare. Ya fi duk waɗanda na ambata ƙarfi da sheƙi, yana ɗan lanƙwasawa tare da farce, yakan yi mako biyu zuwa uku. In tsagar ta yi ƙasa sosai, aikinki kuma na buga kwamfuta ne ko ɗinki inda yatsa ba ya hutawa, ƙwararriyar mai gyaran farce za ta iya haɗa siliki da jel ta riƙe miki shi. Amma ki san abin da kika ɗauko. Sai an goge saman farcen kafin ya kama, sai an jiƙa shi a asiton ko an kankare kafin ya fita, kuma farcen da ya riga ya tsage sirancewa yake ƙara yi a wajen cirewa. Babbar damuwata ita ce ɗanyen jel da ke taɓa fata. A 2018 ƙungiyar likitocin fata ta Birtaniya ta yi gargaɗi kan yawaitar masu kamuwa da borin jiki daga sinadaran jel da akirilik: yatsu su yi ƙaiƙayi, su tsattsage, farce ya ɗago. Wanda ya kamu, abin yakan zauna masa har abada, kuma dangin waɗannan sinadarai ake amfani da su wajen cikon haƙori da wasu ayyukan ƙashi. Tarayyar Turai ma ta taƙaita kayan farce masu HEMA, ɗaya daga cikin waɗannan sinadarai, ga ƙwararru kawai. Don haka kayan jel ɗin da ake saya a yi a gida da ƙaramar fitila, wadda ba lallai ta daskarar da shi har ciki ba, ba na goyon bayansu ko kaɗan a kan tsagaggen farce, inda ruwan zai iya ratsawa ya sauka a nama.

Akirilik kuwa, hoda da ruwa ake kwaɓawa a gina a kan farce. Tauri gare shi fiye da kima, kuma don tsaga ɗaya ya yi yawa. Akwai wani mai arha da ake haɗawa da sinadarin MMA, wanda hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta ɗauki mataki a kan tsantsarsa tun a shekarun 1970. Yana da wari mai hawa kai, yana kama farce kamar ba zai saki ba, in aka buge shi maimakon ya karye sai ya tafi da farcen asali. In kin shiga shago warin ya sa idonki ruwa, ki tambayi abin da za a sa miki kafin ki miƙa hannu.

Yanzu maganar da yawancin bayanan da ke yawo a intanet ba sa taɓawa, alhali a wajenmu ita ce gaba. Farce yana cikin hannun da ake wankewa a alwala, kuma abin da mafi yawan malamai suka tafi a kai shi ne duk abin da ya yi shamaki ya hana ruwa taɓa wurin sai an gusar da shi kafin alwala ko wanka su inganta. Janfarce, gam, facin takarda, siliki, jel da akirilik duk shamaki ne. Lalle bai shiga ciki ba, don shi rini ne, launi yake bari ba jiki ba. To mai salla biyar a rana, filasta ce kaɗai take tafiya da rayuwarta ba wahala: ta cire, ta yi alwala, ta tsane yatsan, ta naɗa sabuwa. In akwai taro na 'yan awanni, facin takarda da janfarce ya dace, a sa shi bayan an yi alwala an yi salla, a goge kafin alwala ta gaba. Na gam, da siliki, da jel, lokacinsu shi ne kwanakin da mace ba ta salla, a cire kafin wankan tsarki. Kada kuma a ce za a riƙa sa gam ana cirewa sau biyar a yini. Asiton busar da farce yake yi, kafin mako ya zagayo kin lalata fiye da abin da kika gyara. Hukuncin rauni na gaske daban ne. Malaman Malikiyya sun kawo misalin wanda farcensa ya faɗi aka rufe wurin da magani, suka ce ya yi shafa a kai. Wannan sauƙi na mai ciwo ne da wankewa za ta cutar, kuma wadda ta samu kanta a tsakani ta kai yatsan nata gaban malami ya gani.

Haka nan ba ina kiran a tara farata zaƙo-zaƙo ba ne. Yanke farce yana cikin sunnonin fiɗira, kuma a hadisin Anas da ke cikin Sahihu Muslim an iyakance kada a bar shi ya wuce kwana arba'in. A kwana arba'in farce ba ya ƙaruwa da abin da ya wuce milimita 4 zuwa 5. Wannan ɗan madaidaicin tsawon nake magana a kai, da kuma tsagar da reza ba za ta kai gare ta ba sai da jini. Ma'aikatan asibiti ma nasu a bayyane yake: ƙa'idojin tsabtar hannu na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2009 sun ce ban da farcen roba ga masu taɓa marasa lafiya, na asali kuma kada bakinsa ya kai rabin santimita. Mai abincin sayarwa da mai kwaɓa fulawa su ma ba na son su yi faci, don yana iya ɓallewa ya faɗa cikin abinci ba a sani ba. Filasta da safar hannu ta roba sun fi musu.

Ga amare da ƙawayensu, lalle ne farko, faci daga baya. Lalle keratin yake kamawa, ba ya hawa kan gam ko janfarce, in kin yi faci kafin ƙunshi za ki kwance ki tarar da farin tabo a tsakiyar jan farce. Ki bari a cire lallen, hannun ya bushe sosai na wasu awanni, sannan a yi facin, jan zai fito ta cikin takardar. Kada a goge saman farcen da magogi bayan ƙunshi, launin zai dushe. Ana cewa lalle na ƙara wa farce ƙwari, kuma ni ma ina ganin faratan masu yawan ƙunshi ba su cika ɓarewa ba, amma tsagar da ta riga ta buɗe ba ya haɗa ta.

Gam ɗin nan yana da haɗarin da ba kowa ya sani ba, kuma na taɓa gani da idona. In ya zuba da yawa a kan auduga zafi yake fitarwa nan take, har da hayaƙi. Wata baiwar Allah kwalbar ta kife mata a cinya tana sanye da atamfa, kafin ta ɗaga zanen fatar ta ƙone ta tashi. Atamfa auduga ce, haka wandon jins da tawul. Ki yi aikin a kan tebur ko faranti, kuma kada ki goge ɗanyen gam da auduga. In yatsu biyu suka manne kada ki fizga. Ki jiƙa su a ruwan ɗumi da sabulu ki riƙa murzawa a hankali, ko ki sa asiton. Kwalbarsa kuma tana kama da ta maganin ɗigawa a ido, an sha samun waɗanda suka ɗiga shi a ido bisa kuskure, musamman da dare. Kada su zauna a jaka ɗaya ko kan madubi ɗaya, kuma a nisanta shi daga yara. In tsautsayi ya sa ya shiga ido, a yi ta zuba ruwa mai tsabta, kada a ɓamɓare fatar idon da ƙarfi, a tafi asibiti. Asiton shi ma wuta yake kamawa, ba a buɗe shi kusa da risho ko gas.

Kowane faci kika yi, ki riƙa dubansa kullum. Da gefensa ya ɗaga, ruwa zai shige ƙasa ya zauna, kuma a irin wannan danshin wata ƙwayar cuta ke mayar da farce kore. Kada ki ƙara gam a kan facin da ya ɗaga. Ki cire shi duka, farcen ya sha iska, sannan ki sake sabo. Cirewa ma jiƙawa ake yi, ba ɓamɓara da haƙori ba.

In farcenki ya faye tsagewa, ki duba hannun ya yini a ina. Farce yana shan ruwa ya kumbura, ya bushe ya tsuke, kuma wannan kai-komon ne ke raba hawansa. Omo da ruwan bilic suna wanke ɗan man da ke riƙe shi, hunturu kuma ya zo ya ƙarasa. Daga Disamba zuwa Fabrairu na fi ganin tsagaggun farata a wajen aikina. Safar hannu ta roba wajen wanki, da man kaɗanya ko bazilin a murza a gindin farce da gefensa kafin barci, sun fi duk wani abin shafawa mai tsada da na gani. In kuma faratan duka sun yi siriri, ko tsakiyarsu ya lotsa kamar cokali, ga kasala ga jiri, a je a auna jini, don ƙarancin sinadarin ƙarfe a jiki yana nuna kansa a farce, kuma ya yi yawa a tsakanin mata masu ciki da masu shayarwa. Tsagar da ke dawowa a tsaye a wuri ɗaya daga gindi har baki duk sanda farcen ya tura, matsalarta a tushe take, likitan fata za a kai wa.

Ƙanwata dai filasta muka fara da ita a ranar, tana cirewa duk alwala tana mayarwa. Da aka yi ƙunshi na lallaɓa yatsan da kaina. Daren dina, bayan ta yi isha, na zaunar da ita a bakin gado na yi mata facin takardar shayi da janfarce mara launi, tana ta cewa, "Yaya, ki yi sauri mota na jira," ni kuma ina riƙe da hannun ina fifita shi da murfin kwali har ya bushe. Ko a hotunan da aka ɗauki hannunta da zobe ba a gane komai ba. Kafin asuba ta goge shi. Da kwanakin hutun sallarta suka zo a ɗakinta, na je na yi mata na gam ya yi kwana shida, ta jiƙa ta cire kafin wanka, ta koma kan filasta. A mako na biyar tsagar ta iso farin baki, ta goge ta da magogi, jan lallen bikin a lokacin ya turo ya bar ɗan farin wata a gindin farcen.